Tuƙin Gidan Sarkin Ruwa

Mashigin Kada,
ƙasar Belbeji.

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare maka hanya gaba da baya, ya kai ka inda gwamnati ta tura ka da ƙafafunka biyu, kuma a bushe. Ka riƙe kalmar nan ta ƙarshe, saboda ita na ɗauki alƙalami.

Innarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, don ba abin da ya sake tun da ka tafi Damagaram karɓar takardunka. Na ba direban kasuwa wannan wasiƙa da ƙunshi ɗaya ya kai maka masauki kafin ka hau motar yamma. Na ƙi kiranka ne don a waya ka fi ni baki, kuma duk sanda na zo kan magana mai nauyi sai rezo ya ɗauke.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar da aka ce an tura ka koyarwa a wata lakwal da ke cikin tsibiri a kogin Isa, can ƙasar Gaya, inda ba shiga ba fita sai da kwalekwale, na ji ka a zaure kana waya da shugaban lakwal ɗin. Ba laɓe na yi ba, kai ka buɗe muryar wayar har ta same ni a bayan rumbu. Ya tambaye ka ko kana tsoron ruwa. Ka yi dariya ka ce, "Haba malam, ni fa ɗan Sarkin Ruwa ne, ruwa gadonmu ne." Kai da ko a tabki ruwa bai taɓa wuce maka idon sawu ba! Wannan maganar da wannan dariyar ni na fara yin su, a bakin wannan kogin da za ka, kuma saura ƙiris da ba a haife ka ba.

Ka san tarihin garinmu yadda maroƙa ke faɗarsa ranar salla. Bari in faɗa maka yadda yake in an cire kalangu.

Kakanni sun ce a zamanin da ba wanda ya ƙidaya, kwarin Tarka ɗin nan da muke shuka gero a cikinsa kogi ne mai gudu, da kifi da kada har da dorina. Ban musa ba, don masu haƙar rijiya har yau suna tono ƙashin kifi. Kakanmu na farko shi ke fiton mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka naɗa shi Sarkin Ruwa, gari ya ci sunan mashigin. Sai ruwa ya fara ja da baya. Ya koma kududdufi, ya koma taɓo, ya koma yashi. Kadoji suka tafi, kifi ya tafi, masunta suka ɗaure kayansu suka bi su. Mu kaɗai muka tsaya, don ba wanda ya zo ya gaya wa kakanmu an sauke shi. Kogi ya yi murabus, Sarkin Ruwa bai yi ba, kuma mutanen gari suka ji kunyar yi masa maganar.

Daga wannan kunyar aka samo al'adar da ka tashi kana yi ba ka taɓa tambaya ba. Duk wanda zai ƙetare kwarin sai ya tattare rigarsa zuwa gwiwa, mace ta ɗan ɗage zane, a taka yashi a hankali. In ya hau tudu a ce masa, "An fito lafiya?" shi kuma ya ce, "Lafiya lau, yau ruwa da sauƙi." Da farko don kada ran tsoho ya ɓaci aka yi. Tsohon ya rasu, jikokinsa suka rasu, har yanzu ana tattarewa.

Da zamanin ayari ya zo, Buzaye suna saukowa daga Abzin da gishiri da dabino za su Kano, kakanmu na wancan lokaci ya tare su a bakin yashi da filafilinsa, wato itacen tuƙa jirgi, ya ce ba a ƙetarewa sai Sarkin Ruwa ya yi fito. Ka san mutanen nan da takubba suke. Madugunsu ya dubi yashi, ya dubi kakanmu, ya sake duban yashi, sai ya juya ya ce wa mutanensa duk wanda ke ganin ruwa a nan ba abokin gardama ba ne. Haka kakanmu ya shiga gaba da filafili a kafaɗa, raƙuma suna bin sa a layi, in an hau tudu a zuba masa dabino a riga. An daɗe ana haka.

Shi kwalekwalen kansa gara ta cinye, katakon da ya rage aka yi ƙyauren masallaci da shi. Filafilin ne ya tsira, kuma ga yadda ya tsira. Wata shekara ana tuwon salla na gari duka a babbar tukunya, muciya ta karye. Wata kakarmu mai baki ta shiga ɗaki ta ɗauko filafilin ta miƙa wa mijinta, ta ce tunda kullum shi ne mai tuƙi, ga tukunya nan, ya zo ya nuna. Don kada a ce ya kasa, ya tuƙa. Tuwon kuwa ya yi kyau. Tun daga ranar Sarkin Ruwa da 'ya'yansa maza ke tuƙa tuwon salla da filafili, kamar yadda ni da kai muka yi bara. Wannan shi ne tuƙin da muka gada, babu wani.

Zamanin Nasara, wani komanda a Tanut ya ji daga bakin tafinta cewa akwai Sarkin Ruwa a yamma. Bawan Allah ya daɗe bai ga kifi ba. Ya hau doki da ƙugiyarsa, ya sha rana har ya iso, ya ce ina kogin. Kakana ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a tsakiyarsa kake tsaye, tattare wandonka." Da aka duba sai aka ga dama gajeren wando ne a jikinsa. Har yau tsofaffi suna cewa duk cikin Nasara ba a yi mai ladabi kamar wannan ba.

A nawa zamanin kuwa, kana lakwal a Damagaram lokacin, wasu masu froje, 'yan ƙungiyar agaji, suka ji labarin sarautar, suka aiko mana da tarun kamun kifi da rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa. Maimakon in ce musu rijiya muke so, sai na sa rawani na tashi na yi jawabi, har na yi alkawarin bana kamu zai fi na bara. Tarun aka kewaye kaji da shi, rigunan suka zama akumarin jakuna, rijiyar kuwa har yau ba mu samu ba. In wani ya zo taimakonka, ka gaya masa abin da ke damunka tsirararsa, kada ka sa masa rawani. Ɗaya daga cikin rigunan ce a ƙunshin nan. Daga bayan jakin Liman na ƙwato ta, innarka ta wanke, amma warin bai fita duka ba. Ka sa ta haka nan.

Yanzu bari in zo kan kaina.

Ina saurayi kamarka, wata shekara gero bai yi ba, na bi motar dabbobi na tafi cin rani har ƙasar Gaya. Da gari ya waye na gangara na ga kogi. Magaji, ban san abin da zan ce maka ba. Ruwa ne iya ganinka, yana tafiya, ba mai jan guga, ba mai tsaro. Na ce lalle mai wannan abu babban mutum ne. Ka san yadda muke yi a rijiya: ka yi sallama, ka tambayi mai ita, ka jira raƙumansa su gama, sannan a ba ka layi. To haka na zauna a gaɓa da gorata tun hantsi har azahar, ƙishirwa kamar ta kashe ni, ina jiran mai kogi. Daga ƙarshe na matsa kusa da wani dattijo da ke gyaran taru.

Na ce, "Baba, don Allah na wane ne wannan?"

Ya ce, "Na Allah ne."

Na ce, "Na sani, kowace rijiya ta Allah ce. Wa ya haƙa?"

Ya ajiye tarun ya dube ni da kyau. Da ya ce in sha, na sha, na cika gora, na cika buta, har hulata na jiƙa, don na ce ba mamaki kafin gobe ya ƙare. Irin wannan wautar ba ta kashe kowa. Ka yi ta yinta, a yi maka dariya, kai ma ka yi. Baƙon da ya yarda a yi masa dariya yana saurin samun abokai.

Wadda ke kisa ita ce ta biyu. Dattijon ya tambaye ni daga ina, na ce daga Mashigin Kada, kuma ni ɗan Sarkin Ruwa ne. Na faɗa ne don in rama dariyar da ya yi mini. Sai mutumin ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya kai ni gidansa, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kifi. Kaina ya kumbura. Wannan dattijon shi ne kakanka na wajen uwa, Allah ya jiƙansa.

Washegari ranar kasuwa ce a ƙetare, mata sun cika kwalekwalensa da tukwane da busasshen kifi da rago ɗaya. Ya ce mini, "Ɗan Sarki, ka iya tuƙi?"

Na ce, "Tun ban kai tsawon filafili ba nake tuƙi."

Ya ce, "Naku da ƙarfi kuwa?"

Na ce, "In ya fara kauri sai mutum biyu."

Ya ce, "Ikon Allah. Kowane kogi da halinsa." Ya miƙa mini filafili, shi ya tsaya a gaɓa.

Ka lura, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Kowace kalma gaskiya ce, kuma na san sarai ba abin da yake tambaya nake amsawa ba. Irin wannan ta fi ƙarya sharri, don mai ita yana kwana da zuciya fara.

Aka tura mu cikin ruwa. Na gyara tsayuwa, na buɗe ƙafa, na yi bismilla, na tsoma filafili na fara juyawa yadda ubana ya koya mini, daga gefe zuwa tsakiya, ana dannawa ƙasa don kada ya kama. Kwalekwale ya fara zagaye. Na ga gaɓa, na ga ƙetare, na sake ganin gaɓa. Rago ya fara kuka. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, wannan ai talge yake yi!" Ni kuwa da na ga abin ya ƙi, sai na ƙara ƙarfi, don a gidanmu in tuƙi ya gagara ƙarfi ake ƙarawa. Igiyar ruwa ta ja mu tsakiya muna juyi. Na sunkuya in kwaso gefe, ƙafata ta zame, sai ga ni a ciki.

A nan dariya ta ƙare, ɗana. Na sha ba da labarin nan a raina ina murmushi, amma wurin nan ban taɓa murmushi ba. Ƙafa tana neman ƙasa babu ƙasa. Babbar rigata ta naɗe ni. Na buɗe baki in kira sunan Allah, ruwa ya shiga. Ban tuna sarauta ba, ban tuna kakanni ba, uwata kawai na tuna, da cewa ba wanda zai iya gaya mata inda kabarina yake. Sai na ji an damƙi wuyan rigata an yi sama da ni.

'Yar dattijon ce, tana cikin matan da ke jirgin. Ta ja ni har gaɓa kamar buhun da ya jiƙe, ta danna mini ciki ina amayar da ruwa. Da na buɗe ido ta dube ni ta ce, "Ranka ya daɗe, a rage mana kogin, muna da wanki." Innarka ke nan. Ka ga bakin nan nata ba a gidana ta koya ba.

Saboda haka in an ce maka "ka iya?", ka ce "wanne?" In ba ka iya ba, ka ce ban iya ba, da ƙarfi, kowa ya ji. Kunyar ba ta wuce yini ɗaya.

Kana tsammani na yi hankali daga nan? Ina! Na zauna a garin ina dakon kwandunan kifi, a tudu, har na nemi aurenta. Ta san ban iya ruwa ba, amma ta ɗauka ni ne lalataccen gidanmu, sauran duk gwanaye ne. Ubanta ya ce 'yarsa ba ta iya zama nesa da kogi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, gidanmu a bakin gaɓa yake. Nan ma ban yi ƙarya ba.

Ranar da motar amarya ta sauke mu a bakin kwari, matan gari suka taho da guɗa suna cewa amarya ta ɗage zane za a ƙetare. Ta duba gabas yashi, ta duba yamma yashi da ƙaya. Ta ce wa uwata, "Inna, ina kogin?" Uwata, Allah ya jiƙanta, ba ta ko ƙifta ido ba ta ce, "Ya ɗan fita." Innarka ta ce, "Yaushe zai dawo?" Ba ta yi mini magana ba har aka yi girbi, sai dai ta ajiye tuwo ta nuna shi da haɓa. Ta zauna dai, Allah ya saka mata, amma har yau ba ta taɓa ɗage zane a kwarin nan ba, kuma in an ce mata an fito lafiya, cewa take yi ƙafarta ta ƙone. Ran da za ka nemi aure, ka gaya wa yarinyar garinmu yashi ne da gero da rijiya mai zurfi da mutanen kirki. In ta zo a kan haka, ba za a nuna maka tuwo da haɓa ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa a kanka na yi shi. Kana ƙarami, duk damina in tabkin bayan gari ya cika, innarka takan ce bari ta kai ka ta koya maka iyo. Ni na hana. Na ce magajin Sarkin Ruwa ba a koya masa ruwa, a jininsa yake. Ni, da aka matse kogi daga cikina, ni na faɗi haka! Gaskiyar ita ce ina tsoron a ga mace baƙuwa tana koya wa gidanmu sana'arsa. Na ce ai yaron nan inda zai je duk yashi ne. Ga shi gwamnati ta duba ƙasar nan duka ba ta ga inda za ta kai ka ba sai tsibiri. Ka yafe mini wannan.

To ga abin da nake so. Kafin ka hau mota ka kira shugaban lakwal ɗin ka janye maganarka. Ka ce masa ubanka sarkin yashi ne, kuma tuƙin da ka iya na tuwo ne. In ka isa, kafin ka kai jakarka lakwal ka nemi kawunnanka, suna nan a garin da ke kallon tsibirin, innarka ta riga ta yi musu waya. Za su yi maka ba'a, don labarina har yau ba a daina ba da shi a can ba, kuma an ce akwai wani wuri a kogin da yara ke kira Tukunyar Ɗan Sarki. Ka haƙura ka bar su su koya maka. A jirgi ka zauna a tsakiya, a ƙasa, kada ka miƙe ko da wa ya gaishe ka. In an miƙo maka filafili ka sa hannuwanka a aljihu. In ka ga hadari ya haɗo, ka kwana inda kake, yara ba za su mance karatu a yini ɗaya ba.

Saura abu ɗaya, kuma da na so in ɓoye, sai dai rabin gari sun riga sun gani. Tun da ka tafi, kullum da hantsi innarka tana kai ni tabkin bayan gari, gefen da shanu ke sha. Ina tuɓe riga in kwanta rub da ciki a ruwa, ta riƙe mini haɓa, ina harba ƙafa kamar ɗan akuyar da aka kayar. Fulani suna tsayar da garke su yi kallo. Na sha ruwan tabkin nan har na san ɗanɗanon kowace saniya a ƙasar Tarka.

Rannan ta gaji ta ce, "Malam, da furfurarka, me za ka yi da iyo? Tabkin nan wata mai zuwa ya ƙafe."

Na ce, "In aka kira ni aka ce yaron nan ya faɗa ruwa fa?"

Ta ce, "Daga nan za ka yi iyon har Gaya?"

Na ce mata na sani. Na san nisan, ni na taɓa yin tafiyar. Na san ko da jirgin sama ne ba zan isa a kan lokaci ba. Amma ba zan iya zama a zaure da rawani ina jin ɗana yana kan ruwa safe da yamma, ni kuwa ko hannu ban iya miƙa masa ba. Ta juya fuska can gefe ta daɗe. Sannan ta ɗago mini haɓa ta ce in rufe baki in harba ƙafa.

Jiya ta sake ni ban sani ba, na yi kamar tsawon tabarma ni kaɗai kafin in nutse. Ina tsoro, Magaji, tsoro sosai, kuma kai kaɗai gare ni. Don Allah ka fi ni iyo kafin in zo ganinka.

Allah ya kiyaye ka a tudu, ya kiyaye ka a ruwa, ya haɗa ka da matuƙa na gari masu tsoronsa. Ya sa duk jirgin da ka shiga ka fita da ƙafarka, ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka.